Kafin jami'a ta sayi manhajar jarrabawar lissafi, a fara gwada ko manhajar ta iya lissafi

Akwai wata magana da ke yawan fitowa a tarukan kwamitocin jami'o'inmu da zarar an taɓo batun cunkoson ɗalibai a darussan lissafi na shekarar farko: "Ai muna da cibiyar CBT, a rubuta tambayoyi ɗari a loda kawai." CBT dai ita ce jarrabawar da ake yi a kan kwamfuta, kuma ana faɗin maganar kamar an gama da matsalar. Wani lokaci kuma ɗan kwangila ne zai zo da kwamfutarsa da majigi, ya haska allo mai launi, ya nuna yadda sakamako ke fita tun ɗalibi bai tashi daga kujera ba. A yaba, a sa hannu. Ba a samun wanda zai ce masa: tsaya, rubuta (2-x)(3-x) a cikin akwatin amsa mu ga ko manhajar taka za ta gane cewa daidai yake da (x-2)(x-3).

Wannan tambayar da ba a yi ba ita ce ta kamata a fara yi. Ra'ayina shi ne manhajar da ba za ta karɓi amsar da ɗalibi ya rubuta da kansa ta auna ta a matsayin lissafi ba, ba ta cancanci a ba ta darasin lissafi ba, komai kyan fuskarta. Kuma sashen lissafi ne ya kamata ya yi zaɓin, cibiyar kwamfuta ta taya shi da shawara. Sannan wurin da manhajar za ta fi amfani shi ne atisayen mako-mako, ba babbar jarrabawar ƙarshen zango ba. Ga jami'ar gwamnati a Najeriya, zaɓin da ya fi dacewa yana tsakanin manhajoji uku na kyauta, STACK da Numbas da WeBWorK, kuma kuɗin da za a kai wa masu lasisi gara a kashe shi a kan malaman da za su rubuta tambayoyin.

Abin da canki-canka ke aunawa a lissafi

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, kunnenmu ya saba da cewa jarrabawar kwamfuta tana nufin A, B, C, D. Jami'o'i suka ɗauki salon suka shimfiɗa shi a kan darussan aji ɗaya, har da na lissafi, MTH 101 da MTH 102. A darasin da ake tambayar shekara ko sunan wani abu, wataƙila hakan ya wadatar. A lissafi kuwa akwai wata ɓaraka ta musamman.

Yawancin ayyukan da muke koyarwa suna da gaba da baya, kuma ɗaya ya fi ɗaya sauƙi. Rarraba x^2-5x+6 zuwa fakto, wato mayar da shi (x-2)(x-3), aiki ne. Buɗe baka ka ninka kuwa ko ɗan sakandare zai yi. Idan ka ba ɗalibi zaɓi huɗu, ba sai ya rarraba komai ba, sai ya buɗe zaɓin ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da wanda ya dace. Ka ce ya warware ikweshan, ya cusa amsoshin huɗu ya ga wadda ta zauna. Ka ce ya yi intigireshan, ya yi difarenshiyeshan ɗin zaɓuɓɓukan. Kai kana zaton ka gwada shi a kan intigireshan, alhali abin da ya yi kishiyarsa ne. Kuma ɗalibin bai yi laifi ba, wayo ya yi, tambayar ce ta buɗe masa ƙofar baya.

Sai lissafin sa'a. Ɗalibin da ya san amsar tambayoyi 20 kacal cikin 100, ya canki sauran 80, a ƙiyasi zai dace da kashi ɗaya cikin huɗu, wato 20. Ya tashi da 40. A inda makin ci 40 ne, ya haye ke nan da sanin kashi ɗaya cikin biyar na darasin. Wannan ɗalibin shi ne zai zauna a ajin injiniya shekara mai zuwa, malamin can yana mamakin yadda aka yi ya iso.

Yadda na'ura ke gane amsa

Hanyoyi uku ne manhajoji ke bi wajen duba amsar da aka rubuta, kuma wanda bai san bambancinsu ba cinikin biri a sama zai yi.

Ta farko ita ce kwatanta rubutu da rubutu. Malami ya ajiye "(x-2)(x-3)", duk wanda ya rubuta wani abu daban ya faɗi. Wanda ya fara da (x-3) ya faɗi, wanda ya bar tazara a tsakani ma yana iya faɗuwa. Malami zai yi ƙoƙarin jera duk siffofin da amsa za ta iya ɗauka, ba kuwa zai taɓa gamawa ba. Manhajojin CBT na gama-gari da ke da akwatin "cike gurbi" galibi haka suke aiki, kuma masu tallarsu za su ce maka suna karɓar lissafi. Karɓa dai suna karɓa.

Ta biyu ita ce gwaji da lambobi. Manhaja za ta ɗauki wasu lambobi ta saka a madadin x a amsar ɗalibi da ta malami, idan sakamakon ya zo ɗaya a kowane wuri sai ta ce daidai ne. WeBWorK da Numbas a kan haka suka fi dogara. Hanya ce mai sauri, kuma tana aiki a mafi yawan lokuta, amma tana da tarko. Idan lambobin da ake gwadawa duk tsakanin 0 da 1 suke, to manhajar ba za ta ga bambanci tsakanin x da |x|, wato girman x ba tare da alamar ragi ba, domin bambancin sai a ƙasa da sifili yake bayyana. Ana iya gyara iyakar lambobin, amma sai mai rubuta tambayar ya san da zaman tarkon.

Ta uku ita ce a miƙa amsar ga injin aljabara, wato manhajar da ke sarrafa alamomin lissafi kamar yadda mutum ke yi da alƙalami. STACK na amfani da Maxima, wadda asalinta wani aiki ne da aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Möbius, wadda a da ake kira Maple T.A., tana amfani da Maple. Injin zai cire amsar malami daga ta ɗalibi ya sauƙaƙa, idan sifili ya rage to ɗaya suke.

Sai dai zama ɗaya bai isa ba, kuma a nan ne ake gane manhajar da masu lissafi suka gina. Idan aka ce a rarraba x^2-5x+6, ɗalibi ya kwafe tambayar ya mayar a matsayin amsa, abin da ya rubuta daidai yake da amsar malami ta fuskar ƙima, amma bai yi komai ba. Dole manhaja ta iya tambayoyi biyu daban-daban: ƙimar ta zo ɗaya? Siffar kuma ita ce aka nema? Haka 2/4 da 1/2 da 0.5: wani lokaci duka ukun sun yi, wani lokaci ɗaya kaɗai ake so, kuma malami ne ya kamata ya yanke, ba manhaja ba.

Misalin da na fi so a gwada kowace manhaja da shi shi ne intigireshan ɗin sin(x)cos(x). Ɗalibi na farko zai samo sin(x)^2/2 + C. Na biyu zai samo -cos(x)^2/2 + C. Na uku, wanda ya tuna da ƙa'idar ninkin kusurwa, zai samo -cos(2x)/4 + C. Duka ukun daidai ne, tazarar da ke tsakaninsu lamba ce tsayayya wadda C, lambar da ake ƙarawa a ƙarshen amsar intigireshan, ke haɗiyewa. Manhajar da ke kwatanta amsa da amsa kai tsaye za ta kayar da biyu daga cikinsu. Wadda ta san aikinta za ta yi difarenshiyeshan ɗin abin da ɗalibin ya rubuta ta ga ko ya koma tambayar, sannan ta duba ko ya sa C, ta rage masa rabin maki idan ya manta, ta kuma gaya masa dalili.

Su wane ne a kasuwar

STACK aikin Chris Sangwin ne, wanda ya fara shi a Jami'ar Birmingham, yanzu kuma yana Jami'ar Edinburgh. Ba manhaja ce mai zaman kanta ba, nau'in tambaya ne da ake dasawa a cikin Moodle, manhajar gudanar da darussa da gwaje-gwaje ta kwamfuta, kuma jami'o'inmu da dama suna da Moodle ɗin a ajiye tun lokacin korona, ko da ba a taɓa shi sosai. Ƙarfinta shi ne malami zai iya tsara matakan dubawa kamar rassan bishiya: idan amsa ta faɗi gwaji na farko, a duba ko kuskuren kaza ne, idan shi ne a nuna wa ɗalibi bayanin kaza. Wanda aka ce ya yi difarenshiyeshan ɗin sin(3x) ya rubuta cos(3x), manhajar za ta gane ya manta da ninka 3, ta faɗa masa haka. Wanda aka ba x·sin(x) ya rubuta cos(x), za ta gane ya yi wa kowane ɓangare daban ya ninka su, ta tuna masa da ƙa'idar. Malami mai ɗalibai dubu ba shi da lokacin rubuta wannan a gefen kowace takarda. Kuma ba sai mun je Turai neman shaida ba: Jami'ar Maseno a Kenya ta yi shekaru tana amfani da STACK a manyan azuzuwanta na lissafi, kuma a 2023 an yi taron masu amfani da ita na Afirka a Jami'ar Masinde Muliro da ke Kakamega.

Numbas daga Jami'ar Newcastle ta Ingila ta fito. Abin da ya bambanta ta shi ne komai a cikin burauzar ɗalibi yake gudana. Da zarar an sauke gwajin, ko intanet ta ɗauke zai ci gaba da aiki. Ana iya raba shi a filashi ko ta layin cikin gida. Ga ɗalibin da ke ƙirga data, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rauninta ma daga nan ya fito: tun da na'urar ɗalibi ce ke duba amsar, amsar tana cikin na'urarsa, kuma wanda ya san kan burauza zai iya tono ta. Don atisaye babu damuwa. Don gwajin da ke ɗauke da maki sai an kulle na'urar.

WeBWorK ta girme su duka. Michael Gage da Arnold Pizer ne suka fara ta a Jami'ar Rochester ta Amurka a tsakiyar shekarun 1990, kuma tana da rumbun tambayoyi na kyauta da ya haura dubu 30. Sashen da ke son farawa gobe da safe zai sami kalkulas da aljabara a shirye. Amma an gina tambayoyin ne a kan littattafan Amurka, sai an tace an daidaita da manhajar karatunmu, kuma rubuta sabuwa na buƙatar ɗan sanin Perl, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta.

Sai na kuɗi: Möbius, da MyLab Math na Pearson, da WebAssign na Cengage, da ALEKS na McGraw Hill. Ba zan ce ba su da kyau ba, wasunsu sun fi na kyauta tsabtar fuska nesa ba kusa ba. Matsalarsu a wurinmu uku ce. Da kuɗin waje ake biya, galibi a kan kowane ɗalibi, kuma wanda ya ga yadda dala ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san abin da irin wannan yarjejeniya ke yi wa kasafin kuɗi. Na biyu, galibinsu a kan kwamfutocin kamfanin suke zaune a ƙasashen waje, babu intanet babu darasi, ga kuma batun fitar da bayanan ɗalibai wanda dokar kare bayanai ta 2023 ta sa dole a yi tunani a kai. Na uku, wanda ya fi ciwo, ranar da lasisi ya ƙare tambayoyin da malamanka suka yi shekaru suna rubutawa na iya maƙalewa a ciki. Kafin a sa hannu a tambaya: a wace siffa za mu fitar da tambayoyinmu, kuma wace manhaja ce za ta iya buɗe su?

Idan aka matsa mini in zaɓi ɗaya, STACK zan ce, saboda tana duba amsa a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar jami'a, ba a hannun ɗalibi ba, kuma ita ta fi iya rarrabe ƙima da siffa. Inda babu ma'aikacin da zai riƙe uwar garken, Numbas ta fi zama lafiya.

"Ba mu da wuta, ba mu da intanet"

Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa zaɓin ya zama na hankali. STACK da WeBWorK duka ana iya dasa su a kan kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a cikin jami'a, su yi aiki ta layin cikin gida ba tare da intanet ba. Kwamfuta ɗaya da na'urorin raba layi ba su fi ƙarfin sola da inbata ba.

Amma akwai ƙananan abubuwa da ke kayar da shirin ranar farko. Moodle tana nuna alamomin lissafi ne ta wani kayan aiki mai suna MathJax, kuma yadda take zuwa, daga intanet take janyo shi. Idan ba a sauke shi an ajiye a cikin gida an canja adireshin ba, ranar da layin waje ya yanke ɗalibai za su ga tarkacen alamomi maimakon tambaya. Sannan STACK na kiran Maxima duk lokacin da ɗalibi ya buɗe tambaya ko ya aika amsa. Idan aka bar ta yadda aka dasa ta, kowane kira sai ya tayar da Maxima daga farko, kuma mutum 250 da suka danna maɓalli a minti ɗaya za su shaƙe kwamfutar, saƙon "lokaci ya ƙure" ya cika allo. Maganin sananne ne: a tanadi Maxima da yawa suna jira a kunne, ta hanyar kayan aikin da ake kira MaximaPool ko goemaxima, a kunna ma'ajiyar sakamako, a kuma raba lokacin farawa da 'yan mintuna tsakanin layi da layi. Duk wannan sai an gwada da ɗaki cike da mutane mako biyu kafin ranar, ba da malamai biyar a ofis ba.

"Na kyauta ba shi da mai gyara"

A nan masu suka suna da ƙwaƙƙwarar hujja. Kyauta lasisi ne kawai. Aikin ba kyauta ba ne. Ana buƙatar ma'aikaci aƙalla ɗaya da ya san Linux, tsarin da ke tafiyar da uwar garken, wanda zai riƙa sabuntawa, yana kwafe bayanai kowane dare zuwa wata na'ura da ba a ɗaki ɗaya take ba. Idan mutum ɗaya ne ya san kalmar sirri kuma ya tafi ƙaro karatu, shirin ya mutu. Biyu ake horarwa, a kuma rubuta komai a takarda.

Babban nauyin ma ba nan yake ba, yana wajen rubuta tambayoyi. Gwaji goma sha biyu a zango, kowanne da tambaya goma, tambaya 120 ke nan ga darasi ɗaya, kuma tambaya mai kyau wadda ke gane kurakurai tana iya cinye wa malami wuni. Wahalar tana cikin sauya lambobi don kowane ɗalibi ya sami tasa. Wanda ya bar manhaja ta canki a da b da c yadda ta ga dama a ikweshan mai x^2 zai jefa wasu ɗalibai cikin amsoshi marasa kan gado, wasu ma babu amsa a cikin lambobin da aka koya musu. Daga baya ake ginawa: a fara zaɓar amsoshin biyu, a ce daga -9 zuwa 9, a hana sifili, a hana su zama ɗaya, a hana ɗaya ta zama kishiyar ɗaya don kada ɓangaren tsakiya mai x ya ɓace, sannan a ninka a fitar da tambayar. Matiriks ma haka. Idan aka cika ta da lambobin canka, wata rana za ta fito wadda ba ta juyuwa, ɗalibi ya yi ta fama da tambayar da ba ta da amsa. Akwai kuma batun adalci. Wanda aka ba x^2+5x+6 da wanda aka ba 6x^2-x-35 ba jarrabawa ɗaya suka rubuta ba, ko da daga tushe ɗaya tambayoyin suka fito. STACK tana ba malami damar ware adadin siffofin da za a yi amfani da su, ya duba su ɗaya-ɗaya, ya kuma rubuta amsoshin gwaji na daidai da na kuskure don ganin ko makin na fita yadda ya nufa. Malamin da ya tsallake wannan matakin ɗalibai ne za su gano masa kurakuransa, a tsakiyar gwaji.

To wa zai yi wannan aikin? Muddin kwamitin ƙarin girma bai ƙirga komai sai maƙalu a mujallu, ƙaramin malamin da aka ɗora wa aikin zai yi shi ne da rabin zuciya. A rage masa kwas ɗaya a zangon, ko a lissafa rumbun tambayoyin a cikin ayyukansa. Kuma tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar da tsarin karatun bai-ɗaya na CCMAS a 2022, babban ɓangaren MTH 101 da MTH 102 iri ɗaya ne a ko'ina. Babu dalilin da zai sa Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kowa ya zauna ya rubuta tambayoyi 120 iri ɗaya shi kaɗai, alhali fayil ɗin Moodle ana iya tura shi ta imel.

"Ɗalibai za su yi satar amsa"

Za su yi. Sauya lambobi yana hana kwafar amsar aboki, amma ba ya hana ɗaukar hoton tambaya da manhajar warware lissafi ta Photomath, ko liƙa ta a irinsu WolframAlpha ko ChatGPT. Duk tambayar da na'ura za ta iya dubawa, wata na'urar za ta iya amsawa. Don haka kada a ɗora wa gwajin gida nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Daga cikin maki 30 na gwaje-gwajen zango, 10 sun isa ga atisayen mako-mako, a bar ɗalibi ya maimaita sau nawa ya ga dama da sabbin lambobi, a ɗauki mafi girman makinsa. Sauran 20 a yi su a zaure da masu sa ido, kwamfutoci a kulle da Safe Exam Browser, manhajar da ke hana buɗe wani abu ban da gwajin, tambayoyin kuma daga rumbun atisayen za a ɗebo su, a kuma sanar da haka tun makon farko. Wanda ya bar waya ta yi masa atisaye zai gamu da su ba waya a hannu.

A zaure ma sauya lambobin na da amfani. Ɗalibai 1,500 a cibiya mai kwamfuta 250 rukuni shida ne, kuma kowa ya san abin da rukunin safe ke yi wa rukunin yamma a bakin ƙofa. Idan lambobi na canjawa, iyakar abin da za a iya fesawa shi ne hanyar warwarewa, wanda kuwa ya koyi hanyar a bakin ƙofa ai ya koyi lissafi.

Rubutu a kan allon waya

Wannan ce matsalar da aka fi rainawa. Ɗalibi ya san amsa, amma ya rubuta 1/2x yana nufin ɗaya bisa 2x, manhaja ta karanta rabin x. Ya rubuta e^2x yana nufin e^(2x). Ya rubuta x(x+1), a ɗauki x ɗin farko a matsayin sunan fankshan. Ga mafi yawansu a waya suke yi, inda alamar ^ ke ɓoye a shafi na biyu ko na uku na madannai. Manhajar kirki dole ta nuna wa ɗalibi yadda ta fahimci rubutunsa, cikin siffar lissafi ta littafi, kafin ta ba da maki, kuma idan rubutun bai karantu ba ta ce ya gyara ba tare da rage masa komai ba. STACK da Numbas da WeBWorK duka suna da wannan. Duk da haka makon farko a ware shi don koyon rubutun kaɗai, gwaji marar maki.

Lambobi masu ɗigo ma suna da nasu rikicin. Ɗalibanmu sun taso da 22/7 a matsayin π tun sakandare, kuma tazararsa da ainihin ƙimar kusan 0.04 cikin ɗari ce. Idan sassaucin da aka ba manhajar 0.1 cikin ɗari ne, zai wuce; idan an matse shi zuwa 0.01, zai faɗi. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta shi a jikin tambayar. A tambaya mai matakai kuma a duba ko manhajar na iya ɗaukar amsar ɗalibi ta matakin farko ta auna na biyu da ita, kamar yadda malami ke yi da jan biro, don kada kuskure ɗaya ya cinye maki goma.

Abin da na'ura ba ta iya ba

Ba ta iya karanta hujja. Ɗalibin da aka ce ya tabbatar da wata ƙa'ida, ko ya bayyana dalilin da ya sa jerin lambobi ke doso wata iyaka, sai mutum ya karanta aikinsa. Akwai dabaru na kusa, kamar a ba shi layukan hujja a hargitse ya jera su, ko ya rubuta aljabara layi-layi manhaja ta duba ko kowane layi ya biyo na samansa, amma ba su maye gurbin takarda da biro ba. Shi ya sa babbar jarrabawa, musamman daga aji biyu zuwa sama, ta ci gaba da zama a rubuce. Amfanin na'urar shi ne ta ɗauke ɗaya aikin. Takarda 1,500 a minti biyar-biyar awa 125 ce ga jinga guda ɗaya, shi ya sa a aikace ba a bayar da jingar, ko a bayar ba a duba ba. Awannin da aka tsira da su sai a mayar kan duba hujjoji.

Ko injin aljabara ma yakan gaza gane cewa abu biyu ɗaya ne idan suka cakuɗe da yawa, musamman a tirigonometiri. Don haka bayan kowane gwaji malami ya buɗe jerin amsoshin da aka kayar, ya tsara su bisa yawan maimaituwa. Idan mutum 80 suka rubuta amsa iri ɗaya aka kayar da su, ko dai akwai wata gurguwar fahimta da ya kamata a taɓo a laccar Litinin, ko kuma tambayar ce ke da laifi. Idan ita ce, a gyara ta a sake lissafin makin kowa, abin da Moodle ke yi da maɓalli ɗaya.

Wannan ya kawo sharaɗin da bai kamata a yi sassauci a kansa ba, ko manhajar ta kuɗi ce ko ta kyauta: ta ajiye ainihin abin da kowane ɗalibi ya rubuta, da siffar tambayar da ta fito masa, da lokacin da ya aika. A 2025 JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da Kudu maso Gabas, sai da aka sake musu jarrabawa. Idan hukuma mai wannan girma da gogewa ta gamu da haka, sashe mai uwar garke ɗaya a ƙarƙashin tebur shi ma ranarsa na zuwa. Ɗalibin da ya zo ofishin shugaban sashe ya ce an kayar da shi alhali amsarsa daidai ce, a iya buɗe aikinsa a gabansa cikin minti biyu, a ga ko ya rubuta -cos(2x)/4 + C.